Kazar Rakiyar Lehong

Bongci ba ta taɓa shiga ɗakin amarya ba sai nata. A shekarar damisa aka haife ta, don mu kowace shekara sunan dabba gare ta, kuma a ƙauyukanmu na bakin teku ko yaro ya san 'yar shekarar damisa ba ta leƙa amarya, ba ta leƙa mai jego, kai ko kyanwa ce ta haihu sai a ce ta bi ta wancan lungun. Ita ce mace ta biyar a jere a ɗakin uwarta. Da aka je aka gaya wa ubanta, ko juyowa bai yi ba, ya ce a dai ciyar da ita haka nan. Abin da sunan nata ke nufi ke nan, kuma da shi ta amsa kira har ta bar duniya.

Uban nata mai fiɗiyar zakaru ne. Yakan bi ƙauyuka da 'yar sarewar gora da gwangwanin kayan aiki a hammata, in mata suka ji busa sai su fito da zakarunsu a ɗaure. Bai koya mata ba, don sana'ar maza ce, amma bai kuma ce ta rufe ido ba. Da ya rasu yayyenta suka raba tukwane da barguna, gwangwanin ya rasa mai so, ya zama nata: aska ƙarama, ɗan cokalin tagulla mai dogon wuya, ƙugiya, allura biyu. Ba ta taɓa fita da sarewa ba. Sai dai duk wadda kazarta ta tsinci tsaba mai guba a gefen gonar gyaɗa, ko ta haɗiyi abin da ya fi ƙarfinta, gidan Bongci take nufa. Ta ƙofar baya, ku lura. Ranar biki a aiko mata ta zauna a gida, ranar da kaza ta fara layi a tuna da sunanta.

Mijinta tari ya ɗauke shi. Ɗanta guda teku ta riƙe, kwale-kwalen kaɗai ya dawo. Shekara ba ta zagayo ba matar ɗan ta kwanta da zazzaɓi ba ta tashi ba, aka bar wa Bongci jika mace 'yar shekara huɗu, Lehong. Ba a yi kwana arba'in ba bakin mutane ya gama lissafinsa: yarinyar farar ƙafa gare ta, ta ci uba ta ci uwa. Bongci ta ji, ta je har bakin rijiya inda aka fara maganar ta yi musu wankin da ba su nema ba. Bayan nan ba wanda ya ƙara faɗa a gabanta. A bayanta kuwa maganar ta yi ta girma tare da yarinyar.

To, shi ya sa da Cunsing, ɗan gidan Ting na ƙauyen ƙetaren gada, ya ce shi Lehong yake so, uwarsa Kimki ta yi tsalle ta dire. Shi kaɗai gare ta, kuma kullum yana kan ruwa. Sau uku tana kai ranar haihuwar yaran wurin masu duba, uku daban-daban, tana neman wanda zai ce mata a'a. Yaron ya daina ci a gida, ya rame, ta haƙura ba don ta so ba.

Bongci ba ta da gwal da za ta saka wa jikarta a hannu. Abin da take da shi kaza ne, kuma nan ta zuba duk ƙarfinta. Ba amaryar da ke fita daga gida sai da kajin rakiya, zakara da sagara, a kwando guda, an ɗaure ƙafafunsu da jan zare dogo, ɗaya a wannan bakin ɗaya a wancan. Su ke nuna mata hanyar gidan miji da hanyar dawowa gaida nata. Ba a yanka su, ba a sayarwa, ƙarfe ba ya taɓa jikinsu, sai tsufa ya kashe su. In sagarar ta yi ƙwai da wuri, an ce amarya ta shigo da albarka. In ta mutu da wuri, to ba sai na faɗa ba.

Tun tana 'yar tsako Bongci ta ware sagarar Lehong, wata ja mai faɗin ƙirji, da baƙin gashi guda a fiffiken hagu. Ta ciyar da ita ɗanyar shinkafa da ƙananan kifi da ganyen dankali, abin da ita kanta wani lokaci ba ta samu ba. Zaren ma ita ta murɗa shi, ta auna da hannunta, taƙi goma sha huɗu cif. Ranar biki ta rufe ƙofa ta zauna tana ɓarar gyaɗa, tana jin ƙarar wasan wuta yana nisa. A bakin maƙwabta ta ji sauran: wai an saka kajin a ƙarƙashin gadon amarya, an watsa shinkafa, zakaran ne ya fara fitowa, aka yi ta shewa ana cewa namiji za a fara haifa. Wai kuma Kimki ta ɗauki sagarar ta juya ta sama da ƙasa, ta buɗe fukafukai, ta duba har farata, kamar mai neman huji a yadi.

Kwana tara da biki, da sassafe, mai shagon magani ya ƙwala wa Bongci kira, wai ana nemanta a waya. Lokacin waya ɗaya ce a ƙauyen, kuma duk wanda ba shi da aikin yi a shagon yake yini. Ta ɗauka ta ji muryar Lehong can ƙasa-ƙasa.

"Kaka, kazar ba ta ci. Yau kwana biyu. Ta ƙi tashi."

Bongci ta dubi mutum biyar da suka yi shiru suna kallon kwalabe kamar yau suka fara ganinsu. Ta ce, "Na ji. Ki ƙara gishiri ki danne da dutse." Ta ajiye waya, ta gaya wa shagon cewa yaran yanzu ko jiƙa kabeji ba su iya ba, ta fita.

Ba ta iya karatu ba, amma ta san wata. Ta ƙirga kwanansa a yatsa ta ga da hantsi ruwan teku zai janye, mutanen ƙetare su hau amalanken shanu su shiga gonakin kawa, naman tekun nan mai ɓawo biyu da ake kiwo a cikin taɓo, ba za su dawo ba sai ruwan ya juyo ya koro su, rana ta ɗan karkata. Kimki ba ta fashin ruwa ko da kabari za a haƙa mata. Tsakanin fitarta da dawowarta, lokacin Bongci ke nan, ba ƙari.

Ta zuba man riɗi a 'yar kwalba, giyar shinkafa a wata, ta kankaro baƙin gindin tukunya ta ƙulle a takarda. Ta tsaya a gaban gwangwanin ta daɗe. Sai ta ɗauka ta cusa a hammata, ta naɗe fuska da ƙyalle mai furanni, ta kifa malafa, kamar kowace mace mai zuwa ɓarar kawa. Fuska dai ta rufu. Tafiyar ce ba ta rufuwa, don Bongci in tana sauri kamar agwagwa take, kuma duk gundumar ba mai irin tafiyar.

Ba ta bi ta ƙofar gidan Ting ba. Damisa ce, ga takaba ta taɓa yi, wata huɗu ba ta da ikon taka dokin ƙofar gidan da aka kai amarya. Ta zagaya ta baya inda itatuwan tare iska suka yi layi a bakin kwata, ta tsaya a wajen katanga, ta yi irin kiran da take yi wa kajinta. Zakaran ya amsa daga ciki. Jim kaɗan Lehong ta ɓullo ta 'yar ƙofar da ake zubar da shara, da kazar a ƙirji, jan zare yana jan ƙasa a bayanta.

Ita yarinyar ma ta faɗa, idanu sun kumbura. Ta ce da safe Inna, wato Kimki, ta tsaya a kan kazar ta daɗe, sannan ta ɗago ta dubi ƙafafun Lehong, ba fuskarta ba, ƙafafun. Ta je ta kunna turaren tsinke a gaban allon da aka rubuta sunayen kakanni, ta gaya wa Cunsing, da muryar da za a ji daga madafa, cewa in kazar nan ta mutu za ta tara manyan gidan Ting, amarya ta je gidan kakarta ta ɗan huta. Bongci ta san irin hutun nan. Ta san mata biyu da suka je shi, ɗaya har ta yi furfura tana hutawa.

"Kaka, ai akwai 'yar'uwarta a akurkinki, kamarsu ɗaya. Ki koma ki kawo, mu binne wannan."

"Matar da ke gane matacciyar kawa tun ba ta buɗe ta ba, ita za ki yi wa musanyar kaza? Kawo nan, ki share majina."

Ta zauna a kan saiwar itace ta ɗora kazar a cinya. Zankon ya koɗe, ido rabi a rufe, fukafukai a sake. Ta buɗe bakin ta sansana, tsami ya doke ta. Ta duba kashin da ya manne a gashin gindi, ta ga ba irin na annoba ba ne, ta ɗan saki numfashi. Sai ta kai yatsu ƙasan wuya, wajen jakar da kaza ke tara tsaba. Ga ta nan himili guda, tauri kamar ɗanyar gwaba, alhali kwana biyu ba abin da ya shiga. Ta ɗura man riɗi kaɗan-kaɗan, ta yi ta mulmulawa a hankali, sama zuwa ƙasa, tana kallon inuwar katanga tana gajarcewa. Tsaba da yashi sukan saki in sun ji mai. Wannan bai saki ba. Ƙarƙashin yatsanta ta ji abin yana da jijiya-jijiya, kamar ƙullin igiyar kwale-kwale.

Nan idonta ya faɗa kan ƙafar kazar. Ta tambayi Lehong me zaren ke yi a nan har yau, abin da ake kwancewa washegarin biki. Yarinyar ta ce Inna ce ta hana. An saki zakaran, amma ita sagarar an ɗaure ta a ginshiƙin rumbu, wai mai duba na ukun ya ce amarya mai nauyin ƙafa sai an bar zarenta kwana goma sha biyu kafin ƙafar ta zauna lafiya.

Bongci ta kai hannu ƙafar kazar. Ta kwance zaren tana naɗewa a hannu kamar mai gyara kawai, amma aunawa take. Taƙi goma sha biyu, da kyar. Bakin da ya rage bayan ƙullin ginshiƙi ya tsattsage, sili-sili, duk cin baki ne. Kaza ce a ɗaure kwana tara a wuri guda, ba tsutsa ba ciyawa, ga jan abu yana reto a gabanta. Me za ta yi in ba ta tsattsage shi ba? Lehong tana can tana goge ido da gefen riga, ba ta ga komai ba. Bongci ta cusa zaren a aljihu, ta buɗe gwangwani.

Da yarinyar ta ga askar sai ta ja baya har ta bugi katanga. Ta ce ƙarfe ba ya taɓa kazar rakiya, in Inna ta ji an gama da ita.

"In ta mutu ke za a kora. In na tsaga ni za a zaga. Ni kuwa zagi ya daɗe da daina kama jikina. Riƙe ƙafafun da hannun dama, fukafukan da hagu, kan ya tsaya sama. In kika bar shi ya sunkuya ruwan zai shaƙe ta, kin ji ni?"

Ta fige gashin wurin, faɗin tafin jariri, ta goge fatar da giya, ta goge askar, ta goge hannunta. Ta nemi inda ba jijiyar jini, can sama kusa da wuya, yadda in an ɗinke abinci ba zai zauna a kan ɗinkin ba. Abin da ta gani a hannun ubanta ke nan shekara hamsin da suka wuce, kuma ta yi shi ya fi a ƙirga, amma ba ta taɓa yi da auren mutum a ƙarƙashin aska ba. Ta ja. Fatar ta buɗe tsawon gaɓar yatsa, jini ɗigo biyu. Kazar ta zabura.

A daidai nan suka ji takun takalmin roba yana tahowa ta bakin kwata, caɓal-caɓal, da sauri. Ruwa bai juyo ba, ko kusa. Ashe wata mai tallar kifi ta ga agwagwar tafiya ta haye gada da gwangwani a hammata, kuma ba ta iya riƙe abin a cikinta ba sai da ta kai shi har bakin teku. Kimki ta bar ɗanta da amalanke ta taho a ƙasa, taɓo har gwiwa, wuƙar ɓarar kawa tana hannunta ba ta ma san tana riƙe da ita ba.

Ta tsaya a kansu. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi askar, ta dubi jinin, ta dubi surukarta. Ta ce, a hankali, dama ta san za a rina. Damisa a bayan gidanta kwana tara da biki, ƙarfe a wuyan kazar rakiya, me kuma ya rage? Ta ce wa Lehong ta tashi ta haɗa kayanta, ta bi kakarta da kazarta tun rana ba ta faɗi ba.

Hannun Lehong ya saki. Kazar ta fizge fiffike guda ta buga, kanta ya yi ƙasa. Bongci ta tare kan da bayan hannunta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Uwar ango, zagin ki ajiye min, ba inda za ni. Fata a buɗe take, ba a barin ta haka. Yarinyar nan hannunta ya mutu. Ke naki shekara talatin yana riƙe abin da ke zillewa, tsuguna ki kama ƙafafun nan."

"Ni? A gidana za ki ba ni umarni?"

"A bayan gidanki. Na san iyakata, ƙafata ba ta taɓa ƙasarki ba. Lehong, tashi ki ɗumamo ruwa a tukunya mai tsabta, ki saka gishiri kaɗan. Kada ki zo sai ya yi ɗumin da za ki iya wanke ido da shi."

Yarinyar ta dubi wannan ta dubi waccan, ta sheƙa ciki. Kazar ta soma zamewa daga cinyar Bongci. Kimki mace ce da ta yi kiwo tun tana yarinya, kuma akwai abin da hannu ke yi kafin zuciya ta ba shi izini. Ta yar da wuƙa ta cafe ƙafafun. Da ta ankara tana tsugune, fukafukan suna hannunta na hagu, kan a miƙe daidai yadda ake so.

Bongci ta ɗan ja fatar gefe, ta tsaga jakar. Wari ya tashi. Ta zura ɗan cokalin tagulla ta soma kwasowa: ruɓaɓɓiyar shinkafa, yashi, guntun ɓawon kawa. Sai cokalin ya ƙi fitowa. Ta ɗauki ƙugiya ta laluba, ta kamo, ta soma ja a hankali, a hankali, don in wani bakin ya riga ya gangara ciki, fizga guda ta isa ta kashe kazar. Abin ya fito sili ɗaya, ya biyo da wani, sannan curin gaba ɗaya ya zamo ya faɗo a tafin hannunta. Ya yi baƙi da tsami, amma da ta matse shi da yatsa jan ya bayyana.

Ta miƙa hannun a gaban Kimki. Da ɗayan hannun ta zaro sauran zaren daga aljihu, ta jera tsattsagaggen bakin kusa da curin.

Kimki ta daɗe tana kallo. Taɓon ƙafarta ya fara bushewa yana tsagewa. Can ta ce mai duba ne ya ce, ta faɗa sau biyu, na biyun bai fito sosai ba.

"Mai duba bai taɓa kiwon kaza ba," in ji Bongci. "Ke kin yi. Ban zo in kunyata ki ba, na aika yarinyar ciki don kada ta gani. Amma ki saurara. In kazar nan ta tashi, ba wanda ya ga aska, ba wanda ya ga zare. In ta mutu, kika tara manyan gidan Ting a kan jikata, zan zo har ƙofar da aka hana ni in tsaya a waje in ɗaga musu wannan. Muryata tana haye katanga, ki tambayi matan rijiyarmu."

Kimki ta ce ita ɗa guda gare ta, kuma kullum yana kan ruwa.

"Ni ma guda gare ni. Ke ba ki binne miji ba? Wa ya ce ke kika ci shi?"

"Sun ce," in ji Kimki.

Bongci ta ɗago ta dube ta, karo na farko tun zuwanta. Sai ta jefa curin a gwangwani ta rufe, don ga takun Lehong nan tafe da tukunya.

Ta wanke jakar sau uku har ruwan ya fito fes. Kazar ta daina motsi, sai ƙirjin ke ɗan ɗagawa. Saura ɗinki, kuma ɗinki biyu ne, jakar daban fatar daban, wanda ya haɗa su ya kashe kaza. Bongci ta ɗauki allura da zaren siliki ta kai kusa da ido, ta kai nesa, ta zura ta kuskure, ta sake ta kuskure. Ta yi tsaki ta ce idon ya tsufa, Lehong ta karɓi ƙafafun, uwar ango ta taimaka ta zura mata. Wannan fa Bongci ce da ke zura allura da magariba ba fitila. Kimki ta karɓa ta zura tashi ɗaya ta miƙa mata, sai bayan ta miƙa ta tsaya tana kallon yatsunta. Ƙarfen da zai shiga jikin kazar rakiya ya bi ta hannunta, a gaban surukarta.

Ɗinki huɗu a ciki, biyar a waje. Bongci ta kwaɓa baƙin tukunya da man riɗi ta shafe wurin. Ta kwantar da kazar a wani kwando da ke jingine da katanga, sai kan ya langaɓe gefe, idon ya rufe ruf. Su uku suka sunkuya suna kallon gashin ƙirjin, ko yana motsi ko iska ce. Ba wadda ta iya cewa.

Bongci ta ce kada a ba kazar komai sai gobe war haka, sannan ruwan shinkafa a cokali, kwana uku ba tsaba, a inuwa, nesa da zakaran da ƙuda. Lehong ta miƙa hannu za ta ɗauki kwandon, Kimki ta riga ta. Ta ce a ɗakinta kazar za ta kwana, yaran yanzu barcinsu nauyi gare shi. Ba ta ƙara maganar haɗa kaya ba, ba ta kuma janye ta ba. Ta shige ta ƙofar shara ba sallama. Daga nesa an fara jin ƙarar amalanke, ruwa ya juyo. Bongci ta tura jikarta ciki, ta kifa malafa ta kama hanya.

Kwana uku ba labari. Ta kwashi gyaɗarta ta koma ɓara a dakalin shagon magani, ita da ba ta zaman shago, duk ƙarar waya sai hannunta ya tsaya. In aka kira wani ta ci gaba. Duk amalanken da ya hayo gada sai ta ɗaga kai ta duba ko akwai akwatin amarya a kai. Ta share ɗakin Lehong, sannan ta ji haushin kanta ta watsa ɓawon gyaɗa a ciki don kada ɗakin ya zaci ana jiran wani.

Rana ta huɗu ga mai tallar kifin nan, ita dai mai cikin da ba ya riƙe magana. Ta sauke kwando tana ba shago labari, wai kazar rakiyar gidan Ting tana yawo a tsakar gida da ƙirji a fige, baƙi ƙirin kamar an ɗiga mata kwalta. Wai ta tambaya, Kimki ta ce zakara ne ya tsattsage ta, kuma duk wadda ta ga wata damisa a kan gada to ta je a duba mata ido. Ta juyo ta kalli Bongci tana jiran ƙarin bayani. Bongci ta ɗaga kifi guda ta sansana, ta ce na shekaranjiya ne, ta tattara gyaɗarta ta tafi gida. Sai da ta rufe ƙofa sannan ta zauna a ƙasa nan bayan ƙyaure.

Kazar ta yi ƙwan fari bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki. Kimki da kanta ta soya shi da man riɗi ta ajiye a gaban Lehong, ta ce ta ci tun da zafi, ba ta tsaya ta ga an ci ba. Ba za a ce ta zama uwa mai daɗi ba, har ta mutu tana gyara wa surukarta yadda ake riƙe tsintsiya. Amma maganar ƙafa ba ta ƙara fita daga bakinta ba, kuma wata ƙanwar mijin Kimki da ta taɓa ɗauko maganar a wurin suna ba ta ƙara cin abinci a gidan ba. Kazar ta yi shekara bakwai, da tabo a ƙirji da mugun hali, ba ta yarda da kowa sai Kimki.

Da wata huɗu suka cika aka aiko wa Bongci goron gayyata irin namu, wainar shinkafa a ganye, ta shiga gidan Ting ta ƙofar gaba. Tun daga ranar duk sabuwar shekara tana zuwa cin abinci, kuma duk zuwan da gwangwanin a hammata. Ba ta taɓa buɗe shi a can ba. Takan dai ajiye shi a kan tebur kusa da kwanonta, inda uwar ango za ta gan shi in ta zo zuba mata miya.